Ranar da Aka Tauna Mini Nitiron

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata Laraba lokacin da nake gwajin koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke Shagari. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin haushin kuma, na rasa wanda zan ɗora wa laifin in huta. Na gwada ɗora wa shugaban makarantar, na gwada ɗora wa kwalejinmu, har Innata na gwada ɗora wa, amma duk inda na kai maganar sai ta dawo kan bakina.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ina karanta kimistiri. Ƙa'ida ce kafin a ba mutum takardar gamawa sai an tura shi wata makaranta ya koyar na zango guda, sannan wani malami daga kwaleji ya zo ya zauna a bayan aji ya ga kamun ludayinsa, ya ba shi maki. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Abokan karatunsa su yi bikin gamawa, shi kuwa yana can yana sake shaƙar alli. Ni daga gidanmu a Bodinga nake fitowa kullum da sassafe in tsaya bakin titi jiran motar Shagari, a cusa mu mu huɗu a kujerar mutum biyu, in an isa Lambara direba ya ƙaro buhun albasa ya ɗora mini a ƙafa. Ko a mafarki ba na son a ce in maimaita wannan wahalar.

Wanda aka ba aikin duba ni wani dattijo ne, Dokta Sidi. Farin gemu gare shi, magana ƙasa-ƙasa, ba ya faɗa ba ya dariya. Duk kwalejin an san shi da abu ɗaya: in ka shiga aji ba ka riƙe da kayan koyarwa, ka faɗi tun kafin ka buɗe baki. Kuma ba ya son kwalin da aka saya a kanti aka liƙa a bango. Cewa yake malamin ƙwarai da abin da ke gidan uwarsa yake koyarwa. Zuwa ɗaya zai yi mini, babu na biyu.

Darasin da ya faɗo a makon zuwansa shi ne aisotof na haidurojin. Ga wanda ya gudu daga ajin kimiyya (ban ga laifinka ba), abin ba wuya. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai furoton da nitiron, sai ilektiron da ke kewaya ta daga waje. Haidurojin iri uku ne, kamar 'ya'yan uba ɗaya, su ake kira aisotof. Kowannensu furoton ɗaya gare shi da ilektiron ɗaya, shi ya sa duk sunan gidansu haidurojin. Inda suka bambanta shi ne nitiron. Na fari, furotiyom, ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne kusan duk haidurojin da ke cikin ruwan da muke sha. Na biyu, dutariyom, yana da ɗaya. Na uku, tiritiyom, yana da biyu. In ka haɗa furoton da nitiron ka ƙirga, nauyinsu ya zama ɗaya, biyu, uku. Wato dai duk darasin a kan nitiron ya rataya, in ka cire shi babu abin da ya rage na faɗa.

Na yi ta tunanin abin da zan yi amfani da shi, har wata la'asar ina zaune a tsakar gida idona ya kai kan faifan Inna da ta rufe ƙwaryar fura da shi. Na ga yadda saƙarsa ta yi zobe-zobe daga tsakiya har baki. Na ce to, ga hanyar da ilektiron ke bi an riga an saƙa mini. Daga nan sauran ya zo da kansa. Jan goro ya zama furoton. Farin goro ya zama nitiron, tunda girmansu ɗaya, kamar yadda furoton da nitiron suke kusan nauyi ɗaya. Ƙwayar aya kuma, 'yar mitsitsiya, in ɗinke ta da zare a bakin faifai ta zama ilektiron. Wallahi a ranar ji na yi duk jihar Sakkwato babu mai basirata.

Na je kasuwa wurin Kawuna mai sayar da goro na zaɓo manya-manya, ja uku, fari uku, masu sheƙi, babu mai ko tabon ƙwaro. Inna ta same ni ina jera su a faifai, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke ɗiyar ga, wa za a ɗaura ma aure makaranta? Ko suna ankai?"

Na ce, "Inna, kimiyya ta."

"Kimiyya da goro? Tau, Allah shi kyauta. Amma hwaihwan ga na ɗakina na. In kiɓ ɓata min ko guda, ki yi zamanki can Shagari."

Ranar Laraba na isa makaranta da wuri, na jera faifai uku na Inna a kan babban faranti, na ɗora goron kowanne a tsakiyarsa, na rufe kowanne da jiƙaƙƙen ƙyalle don kada goron ya bushe kafin lokacin darasi. Sai maganar inda zan ajiye. Ɗakin malamai ba wurin ajiyar abin da ke shiga baki ba ne, na taɓa barin ƙullin gyaɗa a can na fita alwala, na dawo na tarar da leda. A aji kuma ba na son yara su gani tun da wuri, so nake in yaye ƙyallen ɗaya bayan ɗaya a gaban Dokta. Sai na tuna ofishin Firinsifal, wato shugaban makarantar. Akwai sanyi saboda inuwar bishiyar dogon yaro, kuma babu mai shiga sai da dalili. Shi yana can filin taron safe. Na lallaɓa na shiga, na ajiye farantin a kan ɗan teburin da ke gaban kujerun baƙi, na fita ban gaya wa kowa ba.

(Eh, na sani. Goro a faifai, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a kan teburin baƙi, ranar da ake jiran babban baƙo. Ko yaron goye ya san me wannan ke nufi a ƙasarmu. Ni kaɗai ce da na karanta kimistiri har na daina ganin goro a matsayin goro.)

Ina cikin ɗakin malamai ina ta maimaita darasina da Turanci aka ce Dokta ya iso, yana ofis suna gaisawa. Da aka buga ƙararrawa na ruga ofishin, na tarar sun fita zagaya makaranta. Farantina na nan, ƙyallaye a rufe. Na dai lura kamar an ɗan matsar da shi, amma wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku ina ya ga ta bincike? Na sunkuce shi na nufi aji.

Yara sun cika aji fal, kowace ta gyara hijabi saboda an ce musu akwai baƙo. Dokta ya shigo tare da Firinsifal, aka kai musu kujeru biyu can ƙurya, suka zauna. Na yi sallama, na rubuta kan darasi a allo, na fara. Kuma ba yabon kai ba, farkon ya yi kyau. Turancina ya zauna daram, ban yi tuntuɓe ba. Na yi musu bayanin 'ya'yan uba ɗaya, suka gyaɗa kai. Na saci kallon Dokta na ga yana rubutu, muƙamuƙinsa na ɗan motsi. Na ce a raina dattijo ne, tasbihi yake.

Na ɗauko faifai na farko na yaye ƙyalle. Jan goro ɗaya a tsakiya, aya a baki. Na ce wannan shi ne furotiyom, furoton ɗaya, babu nitiron. Yara suka yi ta leƙe, har da masu miƙewa tsaye. Dokta ya ɗaga gira. Na ji daɗi har cikin raina.

Na ce to, yanzu ku buɗe ido ku ga bambanci. Na yaye ƙyalle na biyu ba tare da na duba ba, idona na kan yara, na ce wannan shi ne dutariyom, wa za ta gaya mini abin da ya ƙaru?

Yara suka dubi faifan, suka dubi juna.

Wata yarinya da ke layin gaba, Saratu, wadda bakinta bai san tsoro ba, ta ɗaga hannu. "Malama, ba abin da yaƙ ƙaru."

Na duba. Jan goro ɗaya, aya ɗaya. Na girgiza ƙyallen, na leƙa ƙarƙashin faifai, na duba ƙasa. Babu farin goro, babu alamarsa. Na yaye na uku, wanda ya kamata a ga fari biyu sun sa ja a tsakiya. Jan goro ɗaya ne zaune abinsa. Wato haidurojin ɗina uku duk sun koma furotiyom, darasin da na yi mako ina shiryawa ya mutu a hannuna a gaban mutumin da shekarata ke bakin alƙalaminsa.

Yanzu da hankalina ya dawo, na san abin da ya kamata in yi. Ga alli a hannuna, fari tas. In karya shi uku in ɗora a faifai in ce ga nitiron, shi ke nan, babu wanda zai san an yi ɓarna. Amma ni Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa a gidanmu ya san haka. A lokacin ba alli nake gani ba, motar Shagari nake gani da buhun albasa na wata shekara guda. Turancin ya gudu ya bar ni, Sakkwatanci ya taso tun daga cikina.

"Wa yat taɓa min hwaihwai?"

Masu miƙewa tsaye suka koma suka zauna.

"Magana nikai! Wace baƙar makwaɗaiciya ta taɗ ɗauke min hwarin goro? Kuma don iya sata, ab bar ja aɗ ɗauki hwari! Mutum shi ga abu ruhe, ba nashi ba, ba a ba shi ba, shi buɗe shi kai baki? Ko akuya ta hi wanga tarbiyya!"

Ko kusa ban tsaya na tambayi kaina yadda ɗaliba za ta shiga ofishin Firinsifal ta yi sata ba. Fushi ba ya lissafi. Na ce tunda ba mai amsawa, goro ai ba ya ɓuya, yana barin shaida a haƙori. Kowa ta buɗe baki! Na bi su layi-layi ina leƙa bakunan 'ya'yan mutane, ina cewa a fito da harshe. A gaban mai duba ni. A darasin kimistiri. Duk bakin da na leƙa fes yake, kuma kowane baki mai tsafta ƙara tunzura ni yake yi.

Da na zo ƙarshen layi ban samu komai ba, na dawo gaban allo na faɗi maganar da har gobe nake da-na-sani a kanta.

"Tau shi ke nan. Duk wanda yac ci goron ga, Allah ya isa tsakanina da shi! Ban yahe ba! Allah shi sa shi tsaya mai ga maƙoshi!"

Sai aka yi tari daga bayan aji. Tari mai ƙarfi, irin na wanda abu ya sarƙe.

Saratu ta sake ɗaga hannu, fuskarta kamar ta Allah. "Malama, akwai sauran baki biyu can baya da ba ki duba ba."

Na ɗaga ido. Firinsifal ya zaro wayarsa daga aljihu, wayar da babu wanda ya ji ta yi ƙara, ya kara a kunne yana "Na'am? Na'am, ranka shi daɗe?" ya bi ta ƙofar baya ya fice. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Dokta kuwa bai motsa ba. Muƙamuƙin nan da na ɗauka tasbihi ne ya tsaya cak, ga ɗan ɓarɓashin goro a farin gemunsa.

Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Ya rufe fayil ɗinsa a hankali, ya miƙe, ya tako har gaban aji, babbar rigarsa na jan ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro guda, lafiyayye, ya ajiye a kan faifai. Ya sake sa hannu ya fito da wani, wanda aka gatsa har rabi, sawun haƙori a jikinsa, ya ajiye kusa da na farkon.

"Malama, ga nitiron naki guda," in ji shi da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. "Wanga kuwa na riga na kai shi rabi. Na ukun shina cikin Firinsihwal, ba ni da iko da shi. Ci gaba da darasi, lokaci na tahiya."

Ajin ya fashe. Wata har faɗowa ta yi daga benci. Shi kuwa ya koma kujerarsa ya buɗe fayil kamar ba abin da ya faru.

Daga baya na ji yadda aka yi. Firinsifal ya shigo da baƙonsa ofis, ya ga faranti a teburin baƙi, ya ɗauka malamai ne suka yi hankali suka tanadi goron maraba. Har daɗi ya ji wai ma'aikatansa sun fitar da shi kunya. Ya yaye ƙyallaye, ya tsince fararen, tunda farin goro shi ake ba manya, ya miƙa wa Dokta biyu, ya jefa ɗaya a bakinsa, ya mayar da ƙyallaye ya rufe. Babu wanda ya yi sata. Karamci aka yi da nitiron ɗina.

Haka na ƙarasa darasin da nitiron ɗaya da rabi. Na ɗora lafiyayyen kusa da jan goro na ce ga dutariyom. Da na zo tiritiyom na ɗauko shi na mayar faifai na uku, na haɗa da gatsattsen. Ban gama rufe baki ba Saratu ta ce, "Malama, ke nan nauyinshi biyu da rabi na?" Na ce uku ne, a ƙaddara goron cikakke ne. Ta ce to ina sauran rabin? Na ce ta zauna. Allah ya sani, ban taɓa jin minti ya yi tsawo irin na ranar ba.

Da aka buga ƙararrawa na bi Dokta har gindin dogon yaro inda ya ajiye motarsa. Na durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba, ina ba shi haƙuri. A raina na riga na gama, na ce baɗi ma rana ce. Wa zai kira dattijo akuya a gaban yara ya ci jarrabawarsa?

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Tashi, ɗiyata. Maki na riga na rubuta, na ruhe. Kukanki ba shi ƙara shi, zaginki bai rage shi ba. Na hwaɗa miki haka don kada ki ɗauka ciniki mukai." Ya shafa gemu. "Amma akwai abin da kiɗ ɗora min, ba ni iya shiga mota da shi. Kin ce Allah ya isa. Ni tsoho na, ban san ranata ba. Kuma gaskiya ta, na ci abin da ba a ba ni da hannun mai shi ba."

Na ce, "Baba, wallahi na yahe, duniya da lahira, ni ya kamata in..."

Ya ɗaga hannu. "Ba nan ba. Inda kiy yi ta, can za ki kwance ta."

Muka koma ajin. Yaran da suka fara watsewa suka dawo da gudu. Dattijon nan, sa'an mahaifina, mai digirin da ban ma san hanyarsa ba, ya tsaya a gaban allo kusa da faifan Inna, ya dube ni ya ce, "Malama, na ci miki goro ba da sani ba. Ki yahe min." Babu wadda ta yi dariya a wannan karon, har Saratu. Na ce na yafe. Ya ce Allah shi yi albarka, yara suka amsa da amin, ya juya ya tafi. Dariyar da aka yi mini da farko ba ta kai wannan zafi ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Sakamako ya fito bayan an gama zango. Na ci, amma da ƙyar, irin cin da in aka yi atishawa zai faɗo. Wata malama a sashenmu ta gaya mini Dokta ya ce bai taɓa ganin kayan koyarwa masu ma'ana irin nawa ba, sai dai da aka tambaye shi yadda nake riƙe aji, girgiza kai kawai ya yi. Firinsifal kuwa har na bar makarantar bai taɓa tayar da maganar ba, in mun haɗu sai ya hau duba waya. Shi bai nemi yafiya ba, ni ma ban ce na yafe masa ba, muna nan a haka.

Yanzu ina koyarwa a nan Bodinga, kuma duk shekara sai darasin haidurojin ya zagayo. Da tsakuwa nake yin furoton da nitiron, in shafa musu fenti, don ban ga baƙon da za a tarba da dutse ba. In kuma raina ya ɓaci a aji har na ji Allah ya isa ta taso mini, nakan haɗiye ta tukuna, in duba wa ke zaune a baya yana motsa baki.